Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da shugabannin addini: masu son barin giya na neman inda za su haɗu

Zuwa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna, da hukumar jiha mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, da shugabannin Jama'atu Nasril Islam (JNI) da na ƙungiyar kiristoci ta CAN reshen jihar.

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar jama'ar da ya ɗora a wuyanku.

Ni magidanci ne mazaunin Kaduna, musulmi. Na sha giya shekaru masu yawa kafin Allah ya ba ni ikon ajiye ta. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Akwai wasu 'yan tsirarun mutane da muke haɗuwa mako-mako a shagon ɗaya daga cikinmu bayan ya tashi aiki, mu ja ƙofa, mu zauna a kan benci, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. A cikinmu akwai direban tifa, akwai malamin firamare, akwai tsohon soja, akwai dattijon da ya yi aiki a masaƙar Kakuri har lokacin da aka rufe ta. Wasu musulmi ne, wasu kirista. Su suka ce in rubuta, su da matansu da iyayensu mata, waɗanda suka fi kowa shan wahalar wannan ciwo. Ban sa sunana ba domin ina da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, kuma kun san irin binciken da ake yi a garin nan idan maganar neman aure ta taso.

Abin da ya kawo ni gare ku shi ne, mutumin da ya ƙudurta barin giya yau, ya tashi neman inda ire-irensa suke taruwa su riƙe juna, ba shi da wanda zai tambaya. Mun nema, ba mu ga takarda a bangon asibiti ba, ba mu ji sanarwa a rediyo ba, ba mu sami wanda zai ce mana rana kaza, ƙarfe kaza, wuri kaza ba. Mashaya kuwa ko baƙon da ya sauka a tashar Kawo yau, kafin isha ɗan acaɓa zai kai shi.

Zan fara da yadda giya ta ɓace daga maganar shaye-shaye. Kowace shekara ranar 26 ga Yuni ana taro, ana tattaki da riguna masu rubutu, ana jawabi a kan wiwi da tiramadol da kodin da sholisho. Duk daidai ne, su ma suna cin 'ya'yanmu. Amma a saurari jawaban da kyau, da wuya a ji an ambaci giya. Ko babban binciken nan na 2018 da ake yawan kafa hujja da shi, wanda ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, bai sa giya da taba a cikin wannan adadi ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2024, ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, kuma mutum miliyan 209 ne a duniya ta yi wa kamun da ba sa iya rabuwa da ita. Mu a nan mun ɗauka wannan lissafin wasu ne. Musulmi yana ganin giya matsalar Kudancin Kaduna ce da 'yan bariki. Kirista a wasu garuruwan yana ganin burukutu ai da shi aka taso, da shi ake gayya, da shi ake biki. Kowane ɓangare ya sami dalilin kawar da kai, mashayi ya rage shi kaɗai. Wanda ya san Sabon Garin Zariya da daddare, ko mami ta barikin soja, ko lungunan Kakuri da Sabon Tasha, ya san masu zama a kujerun robar nan daga kowace unguwa suke zuwa. Wasu sai sun cire hula sun tura a aljihu kafin su shiga.

Matakan da muke gani duk na toshe hanyar sayarwa ne. Hukumar NAFDAC ta ba kamfanoni wa'adin shekara biyar tun 2018, ta ce daga ƙarshen Janairun 2024 a daina giyar leda da ta ƙananan kwalabe, aka yi ta ja-in-ja a kai. A Kano, Hisbah ta fasa kwalabe kusan miliyan biyu a Nuwamban 2020. Ni ba na jayayya da hana 'yar leda, domin na ga yaran makaranta suna sayenta da kuɗin tara. Sai dai wanda giya ta riga ta kama, idan aka ɗauke 'yar leda, ogogoro zai koma, wanda ba a san abin da aka zuba a ciki ba. A 2015 mutane gommai suka mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha irin wannan haɗin da aka gauraya da sinadarin metanol. Dole a yi wa wanda ya riga ya kamu nasa tanadin daban.

Magana ta biyu ita ce abin da ke biyo bayan sallama daga asibiti. Akwai abin godiya a jihar nan. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana karɓar masu shaye-shaye, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, kuma jiha ta kafa hukuma musamman don wannan aiki. Amma aikin gado a asibiti shi ne a fitar da giya daga jiki ba tare da ta tafi da rai ba, abin mako ɗaya ne zuwa biyu. Mai hali ya ƙara wata ɗaya ko uku a sashen gyaran hali. Daga nan sai a ba shi kati, a ce ya dawo ganin likita rana kaza. Ya koma unguwarsa. Abokan zamansa suna nan. Mai sayarwa tana nan, ta san shi, har bashi za ta ba shi. Basussukan da ya ci suna jiransa. Matarsa ba ta gama yarda da shi ba tukuna, kuma tana da gaskiya, don ya sha rantse mata a baya. Likitoci da kansu sun san watannin farko su ne mafi haɗari wajen komawa. Ƙishin giya ba ya jiran ranar ganin likita. Da magariba yake zuwa, ko ranar albashi, ko ranar da aka yi faɗa a gida, ko ranar da aka yi rasuwa. A irin wannan lokacin mutum yana buƙatar wanda ya taɓa shiga halin ya fita, wanda zai iya kira ƙarfe goma na dare ya ce masa, wane, ga ni a bakin layin nan, ƙafata na ja na. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan dabara ba. A 1935, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wani ɗan kasuwar hannun jari mai suna Bill Wilson da wani likitan tiyata mai suna Bob Smith, dukansu mashaya da suka gagari magani, suka gano cewa idan ɗaya ya zauna yana gaya wa ɗaya gaskiyar halinsa, dukansu biyu sukan wuni ba su sha ba. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, yau kuma tana ƙasashe kusan 180. Tsarin zaman ba shi da wuya. Awa ɗaya ne ko ɗaya da rabi. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta suna, sunan farko kaɗai ake faɗa. Mai magana ya yi maganarsa ba a katse shi, ba a yi masa faɗa. Abin da aka ji a ɗakin a ɗakin yake tsayawa. Ba a ce wa sabon zuwa ya yi alkawarin bari har abada, ana ce masa ya riƙe yau kaɗai, gobe idan Allah ya kai mu a sake riƙewa. Wanda ya daɗe da bari yakan ɗauki sabo ɗaya ya zama madogararsa, ya ba shi lambarsa. A 2020 masana na cibiyar Cochrane suka tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, suka ga cewa a cikin waɗanda ma'aikatan lafiya suka haɗa da irin wannan zama bisa tsari, kusan 42 cikin 100 sun cika shekara ba su taɓa giya ba, yayin da aka sami kusan 35 cikin 100 a waɗanda aka bi da su ta wata hanyar ba da shawara. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ba ya maye gurbin likita. Akwai wasu tsare-tsaren ma, kamar SMART Recovery da aka kafa a 1994, wanda bai ginu a kan maganar imani ba. Amma ku duba abin da ake kashewa a kai: ɗaki, benci, da awa ɗaya.

Na uku, wahalar samun wurin. Lokacin da aka sallame ni daga wani asibiti, na tambayi wata ma'aikaciyar jinya ko akwai inda masu irin matsalata suke haɗuwa. Mace ce mai kirki, ta kula da ni sosai. Ta ce in dage da addu'a in guji miyagun abokai. Ba laifinta ba ne, ba a ba ta abin da za ta miƙa mini ba. Na koma waya na bincika. Abin da na samu da Turanci yake, ko dai a Legas, ko zaman da ake yi ta bidiyo a intanet, wanda lokacinsa yakan faɗo da tsakar dare a nan, ga cin data. Ni na yi boko, na ɗan lallaɓa. Abokinmu direban tifa ajami yake karantawa, wayarsa kuma ƙarama ce ta kira da amsawa. Mu da muke haɗuwa yanzu, ƙaddara ce ta haɗa mu: biyu a layin karɓar magani, ɗaya ta hannun matarsa da ta ji labari a gidan suna daga bakin matar wani. Akwai maƙwabcina da ya daɗe yana so ya bari, ya yi ta gwadawa shi kaɗai yana faɗuwa. Sai da cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, sannan na san halin da yake ciki, shi ma sannan ya san nawa. Layi ɗaya muke, muna gaisawa kullum, kowa na ɓoye wa kowa. Hantarsa ta riga ta lalace, ya rasu ya bar yara ƙanana. Duk wani rukuni irin namu, a Zariya yake ko a Kafanchan ko a Saminaka, haka yake ɓoye, kuma mai nemansa haka zai wuce ta ƙofarsa bai sani ba.

Na huɗu, abin da iyalai suke yi idan suka rasa mafita, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Idan uwa ko mata ta gaji, sai a kulle mutum a ɗaki a ce ba zai fita ba sai giyar ta sake shi. Jama'a da yawa ba su san cewa wanda ya daɗe yana sha kullum, yanke masa giya farat ɗaya na iya kashe shi ba. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai fara karkarwa, gumi, amai, rashin barci. Wasu sukan yi jijjiga kamar mai farfaɗiya a kwana na farko ko na biyu. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan rikice gaba ɗaya, su yi ta gane-gane da sambatu, suna ganin ƙwari ko macizai a bango, zuciya na bugawa da ƙarfi, jiki ya yi zafi. A gidajenmu idan aka ga haka sai a ce aljanu ne ko sammu, a kira mai ruƙiyya ko a kai shi gidan addu'a, alhali a wannan daren likita yake buƙata, da maganin kwantar da jijiyoyi irin su diyazefam da allurar bitamin B1. Ban hana addu'a ba, da ita nake raye. A yi ta a gefen gadon asibiti. Waɗanda suka fi gajiya kuma sai su kai nasu gidan mari. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, sannan makonni kaɗan bayan haka aka sami irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, mafita suka nema aka nuna musu wannan. An rufe gidajen, an yi daidai. Tambayar da iyayen suke yi har yau ita ce, to yanzu ina za mu kai su? A zamanmu, abu na farko da muke gaya wa sabon zuwa mai karkarwar hannu shi ne kada ya yanke shi kaɗai a gida, mu raka shi asibiti tukuna. Zaman 'yan'uwa yana turo wa asibiti marasa lafiya da wuri, kafin abu ya ɓaci.

Sai tsoro. Jihohin Arewa 12, har da tamu, suna da dokar shari'a da ta mayar da shan giya laifi ga musulmi. Ban zo yin gardama a kan doka ba. Amma ku auna halin mutumin da ake so ya zauna gaban mutane ya ce jiya na faɗi, na sha. Zai tambayi kansa, wa ke saurare, kuma ina maganar za ta je? Ma'aikacin gwamnati yana tsoron ofis, ɗan kasuwa yana tsoron abokan ciniki. Mata kuwa nasu ya ninka. Akwai mata masu sha, a gidajen aure da wajensu, kuma macen da aka sani da giya a garin nan ta gama yawo. Ko a namu zaman babu mace ko ɗaya, kuma bai dace ta zauna a shago da maza da daddare ba. Su ma matan mashaya, waɗanda ba su taɓa kurɓa ba, suna ɗauke da nasu ciwon: ɓoye wa dangi, ƙaryar cewa maigida ya yi tafiya, sayar da kayan ɗaki, wani lokacin duka. Tun 1951 aka kafa wa iyalan mashaya nasu zaman daban mai suna Al-Anon, kuma matar Bill Wilson ɗin nan, Lois, tana cikin waɗanda suka kafa shi.

Yanzu gare ku malamanmu, Allah ya gafarta muku, da ku shugabannin ikilisiya. Na san abin da ke sa wasunku ɗari-ɗari, domin an faɗa mini a fuskata. Wani malami da nake girmamawa ya ce mini wannan tsarin Turawa ne, kuma musulmi ba ya tona asirin kansa, ya kawo hadisin da ke cewa duk al'umma ana yafe mata sai masu bayyana saɓonsu. Na yi ta juya maganar. Wanda hadisin ya siffanta shi ne mutumin da Allah ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya fito yana ba da labari. Wanda ya je gaban likita ya buɗe ciwonsa don a yi masa magani ba wannan ba ne, haka wanda ya zauna a ɗaki a rufe da mutum biyar yana hawaye yana cewa ku taimake ni kada in koma. A ɗakin nan ba a alfahari da giya, kuma asirin da aka faɗa ba ya fita. Ku kuka karantar da mu cewa ba a rana ɗaya aka haramta giya ba. Aka fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta a Suratul Baƙara, sannan aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, sannan aka yanke a Suratul Ma'ida. Ku kuka gaya mana Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da hanin giya ne ya fara sauka da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. Kuma a Sahihul Bukhari akwai sahabin da aka yi ta kawowa saboda sha, har wani ya la'ance shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Haramcin giya mun san shi, babu mashayin musulmi da bai san shi ba, saninsa ne ma yake hana mu barci. Abin da ba mu cika ji daga mumbari ba shi ne ina wanda ya tuba zai je ranar Asabar da magariba idan ƙishin ya taso.

Batun cewa na Turawa ne kuma, musulmi a birnin Baltimore na Amurka sun kafa nasu tun 1989 mai suna Millati Islami, suka gina matakan a kan Alƙur'ani da sunna. A Iran, ƙasar da doka ta hana musulmi giya, zaman masu barin ƙwaya na Narcotics Anonymous ya yaɗu har ƙasar ta zama cikin waɗanda suka fi yawan irin wannan taro a duniya. 'Yan'uwanmu kirista da muke zama tare su ma sukan tuna mana abin da ke wasiƙar Yakubu, cewa a riƙa furta wa juna laifi ana yi wa juna addu'a don a warke, da ta Galatiyawa, cewa a ɗauki nauyin juna. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mana an dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji a coci saboda sha, bai yi ƙorafin horon ba, amma ya ce tsawon lokacin babu wanda ya tako gidansa ya tambaye shi yaya yake fama. A zamanmu kowa da addininsa yake shiga, da shi yake fita. Musulmi ya buɗe da tasa addu'a, kirista da tasa, ba a wa'azi ba a jan kowa. A garin da aka raba unguwanni da kogi, wannan ma abin a kiyaye ne.

Ga abin da muke roƙo. Daga Ma'aikatar Lafiya, ɗaki. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma an daɗe da tsarin cibiyar lafiya a matakin farko guda a kowace mazaɓa. Yawancinsu da yamma akwai ɗakin da babu kowa, ko zauren da mata ke zama ranar awo da rigakafi. Ba mu ce a fara da duka ba. A fara da 'yan kaɗan: ɗaya a arewacin gari wajen Kawo ko Tudun Wada, ɗaya a kudanci wajen Kakuri ko Sabon Tasha, sai Zariya da Kafanchan. A ba da izini a rubuce ga mai kula da cibiyar, awa biyu a mako, a bar mana mabuɗi ko a gaya wa mai gadi. Asibiti ya fi shago rufin asiri, domin wanda aka gani yana shiga asibiti ba a tambayarsa me ya kai shi. A ware rana daban ga mata, mace ta jagoranta, da rana, da kuma wata ranar ga matan mashaya da iyayensu.

Sannan a haɗa jerin wurare da ranaku da lokuta, da Hausa ta boko da ajami da kuma Turanci, a riƙa sabunta shi. A liƙa a asibitoci irin su Barau Dikko da Yusuf Ɗantsoho da Gwamna Awan da Gambo Sawaba da babban asibitin Kafanchan, a ɗakunan da ake duba masu ciwon hanta da waɗanda suka yi haɗarin mota, domin a can mashaya suke bayyana tun kafin su amsa sunan. A miƙa jerin ga masu amsa layin kira na kyauta da hukumar NDLEA ta buɗe a 2022. A karanta shi a gidan rediyon jiha na KSMC da Rediyon Tarayya Kaduna a shirye-shiryen lafiya na Hausa, tare da gargaɗin nan cewa mai sha kullum kada ya yanke ba tare da likita ba. Kuma kada a sallami mai matsalar giya daga gado sai an haɗa shi da mutum guda daga cikin masu zaman, su gaisa tun yana asibiti. Takarda kaɗai mutum kan ninke ta ya jefar, amma idan wani ya ce zan zo in ɗauke ka ranar Laraba, da wuya ya ƙi. Ma'aikatan cibiyoyin kuma a koya musu tambayoyi goma na AUDIT da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don gano mai matsalar sha, da alamomin da ke nuna a tura mutum babban asibiti nan take.

Akwai abubuwan da muke roƙon kada a yi, kuma da gaske muke. Kada a ajiye rajistar sunaye. Kada a kafa allo a ƙofa. Kada a zo bikin buɗewa da 'yan jarida da kyamara. Kada a ba mu kuɗin zama ko na mota, domin ranar da aka fara raba kuɗi, ɗakin zai cika da waɗanda ba barin giya ya kawo su ba, masu gaskiya kuma su janye. Irin wannan zama a ko'ina da karo-karon 'yan ciki yake tafiya, shayi da sukari ba za su gagare mu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta wajabta ɓoye bayanan marar lafiya. Muna so ma'aikatar ta faɗa a rubuce cewa wannan kariya ta haɗa da masu zuwa zaman nan, ta kuma sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri cewa ba wurin kame ba ne.

Daga gare ku shugabannin addini, huɗuba ɗaya ko wa'azin Lahadi ɗaya a kan wanda yake son bari ya kasa, a ambaci cewa ciwo ne da ake magani, a faɗi inda zai je. Limami ko fasto da mace ta kawo wa ƙarar mijinta, ya kasance yana da jerin nan a aljihu. Inda asibiti ya yi nisa, a ba da aron aji ɗaya a islamiyya ko makarantar coci bayan an tashi yara, ba tare da sharaɗin sai ɗan wannan masallaci ko wannan coci ba. Muna kuma roƙon JNI ta sa malamai biyu ko uku su zauna da mu su duba tsarin da muke bi, abin da ya saɓa wa addini su nuna mana mu gyara, abin da bai saɓa ba su faɗa a fili don hankalin jama'a ya kwanta.

Mu a namu ɓangaren, akwai waɗanda suka amince su jagoranci zaman farko a kowane ɗakin da aka bayar a cikin Kaduna, su kuma je Zariya da Kafanchan su taimaka a kafa. Idan ma'aikatar ta ware jami'i guda da za a tuntuɓa a kan wannan batu, ta sanar da ofishinsa a rediyo, wakilanmu za su zo da kansu.

Allah ya ba ku ikon dubawa. Wassalam.

Naku,
Wani magidanci a Kaduna, a madadin abokan zamansa da iyalansu